Allurar da ta farfaɗo da Baba, da abin da ya sake kayar da shi bayan isha

Wata baiwar Allah ce ta aiko da tambaya daga Unguwar Rogo, nan Jos. Mahaifinta ɗan shekara 71 ne, yana da ciwon suga, yana shan Daonil safe da yamma. Zazzaɓi ya hana shi cin abinci kwana biyu, amma bai fasa shan maganinsa ba. Da asuba aka ga bai fito salla ba, aka tarar da shi sharkaf da gumi, yana gurnani, bai san wanda ke kansa ba. Aka ɗura masa Fanta ya ƙware, aka garzaya da shi wani ƙaramin asibiti, aka yi masa allura a jijiya, kafin minti biyar ya buɗe ido yana tambayar hularsa. Da hantsi aka sallame su. Bayan isha ya sake faɗuwa, yanzu an ba shi gado a wani asibitin. Tana son sanin wace allura ce wannan, ko za ta iya saya ta ajiye a gida, kuma me ya sa abin ya dawo.

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Sannu da jinya, Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne.

Yadda kika ba da labarin, abin da aka yi masa ruwan gulukos ne mai kauri, wanda rabinsa suga ne, shi ya sa ake rubuta 50% a jikinsa. Mililita 50 na wannan ruwan yana ɗauke da giram 25 na suga, wato kusan ƙwayar suga biyar ta kwali. Iyakar abin ke nan, babu wani sirri a ciki. Abinci ne aka bi da shi ta gajeriyar hanya. Ƙwaƙwalwa ba ta da rumbu, abin da jini ya kawo mata a wannan minti shi take ci, kuma a wuni ɗaya tana cinye kusan giram 120 na suga. Da zarar ya yanke sai ta fara ɗaukewa, da zarar ya dawo sai ta kama aiki. Shekaruna da yawa ina wannan aiki, amma har yau in na ga mutumin da dangi suka fara yi wa salati ya tashi zaune yana neman takalminsa, sai tsigar jikina ta tashi. Wannan farin cikin ne ma yake yaudararmu, mu da ku.

Domin allurar ta mayar da sugan da ya ɓace ne kawai, ba ta taɓa abin da ya ɓatar da shi ba. Daonil, wanda ainihin sunansa a jikin kwali shi ne glibenclamide, aikinsa shi ne ya matsa wa gaɓar da ke bayan tumbi, wadda muke kira fankiriyas, ta riƙa fitar da insulin, wato sinadarin da ke sauke sugan jini. Ba ruwansa da ko mutum ya ci abinci ko bai ci ba. Ƙwaya ɗaya tana iya yin wuni da kwana tana aiki. In kuwa mutum tsoho ne, ƙodarsa ta fara gajiya, ga zazzaɓi ya busar da ruwan jikinsa, maganin zai taru ya kai kwana biyu ko uku bai gama fita ba. Giram 25 ɗin da aka ba Baba, jikinsa ya cinye shi cikin kamar awa ɗaya. Wani abin takaici kuma, ga mai irin wannan magani a jika, shi kansa sugan da aka tura da yawa lokaci guda yana ƙara tunzura fankiriyas ta sako wani insulin ɗin. Kamar mai zuba ruwa ne a randa mai huji, ya ga ta cika ya juya baya ya tafi. Ina kuma zaton da kuka koma gida, da yamma ta yi, an ba shi ƙwayarsa kamar kullum, tunda ba wanda ya ce muku a dakata. In haka ne, kada ki ɗora wa kanki laifi. Ba ke ya kamata ki sani ba.

Abin da ya dace tun da safen nan shi ne a ba shi gado. Bayan allurar farko sai a ɗaura masa ƙarin ruwa mai suga 10% yana tafiya a hankali, ana auna sugansa kowace awa da farko, a sa shi ya ci abinci da zarar ya iya, a tsayar da Daonil, a ɗebi jini a duba ƙoda, a kuma nemi abin da ya kawo zazzaɓin. Ba a sallamar irinsa ƙasa da awa 24, wani ma sai ya yi kwana biyu ko uku. In sugan ya ci gaba da zamewa duk da ƙarin ruwan, akwai wata allura mai suna oktiriyotaid da ake yi a ƙarƙashin fata, maikirogiram 50 zuwa 100, a maimaita bayan awa 6 zuwa 12. Ita ce ke toshe hujin randar, domin tana hana fankiriyas sakin insulin. Ba a kowane asibiti ake samunta ba, kuma tana da tsada, amma ba laifi ki tambayi likitan da ke duba shi ko ana bukatarta.

Zan kuma faɗa miki ra'ayina kai tsaye. Daonil bai dace da mai shekara 71 ba. Araharsa ce ta sa ya cika ko'ina, kuma mutum yakan fara shan sa yana ɗan hamsin ya ci gaba har ya tsufa ba wanda ya sake waiwayar takardar. Ita kanta Hukumar Lafiya ta Duniya, a jerin muhimman magungunanta, ta rubuta cewa bai dace da wanda ya wuce shekara 60 ba, ta fifita gliclazide, wanda kika fi sani da Diamicron. Shi ma yana iya sauke suga, amma ba ya nacewa kamar wancan. Amaryl ma ɗan gidansu ne. Shi kuwa metformin, in shi kaɗai mutum yake sha, da wuya ya kayar da shi. Wanne za a mayar da Baba a kai, wannan sai an ga sakamakon ƙodarsa.

Batun ki saya ki ajiye a gida kuwa, a'a. Kada ki saya, kuma kada ki bari wani ya ce zai riƙa zuwa yana yi masa. Wannan ruwan a jijiya kaɗai ake ba da shi, kuma samun jijiyar tsohon da ya suma, jikinsa ya yi sanyi, aiki ne da ko ƙwararriyar nas sai ta yi da gaske. Yana da kauri kamar zuma, mai tura shi sai ya danna sirinji da ƙarfi. In allurar ta goce ya kwarara cikin nama, ƙona wurin yake yi. Na taɓa karɓar wani magidanci da wani yaron kemis ya yi wa a gida, bayan hannunsa ya kumbura ya yi baƙi, fatar ta ɗaye, muka yi makonni muna wanke gyambo. Mu kanmu a asibiti mukan surka shi da ruwan allura, ko mu bar shi gaba ɗaya mu ba da mililita 150 zuwa 200 na mai 10% cikin minti 15, wanda ya fi sauƙi ga jijiya. Yara kuwa ba a ba su mai kaurin sam. Mai 10% ake ba su, mililita 5 ga kowane kilo na nauyin yaro, jariri sabon haihuwa mililita 2. In mai 50% kaɗai ke akwai, sai a haɗa kashi ɗaya nasa da kashi huɗu na ruwan allura. Na kawo waɗannan ne don ki ga lissafi ne da ido da hannu, ba abin da za a yi a tsakar gida da fitilar waya ba.

Akwai dai allurar da aka yi domin gida, sunanta gulukagon. Tana zuwa a ɗan akwati, da kwalbar gari da sirinji mai ruwa a ciki. A tura ruwan cikin garin, a girgiza a hankali har ya narke, a zuƙo, a soka a gefen cinya ta waje, ba sai an nemi jijiya ba. Babba miligiram 1, yaron da bai kai kilo 25 ba rabin haka. Cikin minti 10 zuwa 15 mutum yakan farfaɗo, kuma sau da yawa amai yakan biyo baya, don haka a gefensa ake kwantar da shi. A Amurka tun 2019 aka amince da wani nau'insa na gari da ake fesawa a hanci. Sai dai a nan Jos samun gulukagon kowane iri sai an sha yawo, kuma kuɗinsa ba na wasa ba ne. Ban da haka, ko kina da shi a daren nan, ba lalle ya yi wa Baba abin kirki ba. Shi gulukagon babu suga a cikinsa, hanta yake umarta ta buɗe ajiyarta, wadda ba ta wuce giram 100 ba ko a mai ƙoshi. Mutumin da ya kwana biyu bai ci ba, ajiyar ta ƙare. Haka mai ciwon hanta, haka wanda ya kwana yana shan giya. Ga masu shan Daonil kuma yana iya ƙara tayar da insulin. Inda yake da amfani sosai shi ne gidan da ke da yaro ko matashi mai allurar insulin kullum. Irin wannan gida, in da hali, ya kamata su mallake shi, su kuma riƙa duba ranar da zai lalace.

To me ya rage miki a gida? Suga, da na'urar awo, da sanin lokacin da ba a ba da komai ta baki.

In na'urar ta nuna ƙasa da 70, sugan ya sauka. In ta nuna ƙasa da 54, an shiga haɗari ko da mutum yana magana garau. Ki duba irin ma'aunin da taku take bi. Wadda ke rubuta mg/dL ita ce ke ba da 70 da 54, wadda ke rubuta mmol/L kuwa 3.9 da 3.0 za ta nuna, a ninka na mmol/L da 18 ne ake samun na mg/dL. In ta rubuta LO, sugan ya yi ƙasa da abin da take iya aunawa. In babu na'ura, ko tsinken awo ya ƙare, kada a tsaya nema. A ɗauka sugan ne ya sauka a ba shi. Cokali huɗu na suga ba zai yi wa wanda sugansa ya hau wata illa ta a zo a gani ba, amma rashinsa yana iya kashe wanda nasa ya sauka. Wannan shi ne abin da ya fi yi wa mutanenmu wuyar karɓa. An shekara goma ana hana Baba suga, ana ɓoye masa gwangwani, yau kuma a ce suga ne maganinsa.

Muddin yana farke, yana iya zama, yana iya haɗiya, a ba shi giram 15 zuwa 20. Wato ƙaramin cokalin shayi huɗu na suga a rabin kofin ruwa, ko ƙwayar suga uku zuwa huɗu, ko babban cokali ɗaya na zuma, ko rabin ƙaramar kwalbar Coke ko Fanta. Ban da Coke Zero da duk lemon da aka rubuta babu suga. Ban da shayi mai kaurin madara, da cakulan, da kunun gyaɗa, da fura, domin maiƙo yana jinkirta shigar suga jini. A jira minti 15 a sake aunawa. In bai haura 70 ba a maimaita, in an yi sau uku bai tashi ba sai asibiti. In ya tashi, a bi shi da abinci mai riƙe ciki, tuwo ko burodi ko dankali ko gwaten acca, abin da dai ke akwai. Mai shan maganin ciwon suga na Glucobay shi kuma sugan shayi ba ya yi masa aiki da sauri, saboda maganin yana hana hanji narkar da shi, sai garin gulukos. Amma ki riƙe wannan, ga mai shan Daonil ko Amaryl ko Diamicron, ko ya warware a gida ya ce shi lafiyarsa ƙalau, likita ya gan shi a wannan ranar, kuma kada ya sha ƙwaya ta gaba kafin nan.

In kuwa ya fita hayyacinsa, ko yana jijjiga, ko ya datse haƙora, ba a ɗura masa komai. Ba lemo, ba ruwa, ba rubutu, ba man habbatus sauda. Wanda ya suma ba ya iya kare maƙogwaronsa, abin da aka zuba huhu yake gangarawa. Ba a cusa masa cokali, ba a sa yatsa tsakanin haƙoransa. A kwantar da shi a gefe, fuska ta ɗan kalli ƙasa yadda yawu zai zubo waje. In ba jijjiga yake ba, ana iya dangwalo zuma ko jiƙaƙƙen suga a kan yatsa a shafa a cikin kumatun da ke ƙasa, ɗan kaɗan wanda ba zai kwarara ba. Kada ki dogara da wannan, ana yin sa ne yayin da wani ya fita neman mota. Addu'a ana yin ta a hanya. A keke ko a mota ma a gefe za a riƙe shi, ba a zaunar da shi kai na lilo ba. Ki haɗa duk kwalayen maganinsa a leda, har da na gargajiya, ki nufi inda kika san ana awo da ƙarin ruwa kowane lokaci, kamar asibitin koyarwa na JUTH a Lamingo, ko Asibitin Ƙwararru na Filato, ko Asibitin Jankwano. Tun daga bakin ƙofa ki ce mai ciwon suga ne, ga abin da yake sha, ga rabonsa da abinci, a auna masa suga. Wannan maganar tana rage minti da yawa. Kuma tun yanzu ki yi magana da maƙwabci mai mota ki karɓi lambarsa, domin ke ma kin san yadda neman abin hawa yake a Jos ƙarfe biyun dare. Suman minti kaɗan ba ya barin tabo, amma na awoyi yana iya lalata ƙwaƙwalwa har abada.

Kafin a kai ga suma yawanci jiki yakan yi gargaɗi: rawar hannu, bugun zuciya, yunwa mai tsanani, da gumi. A garinmu gumin nan alama ce babba. Mutum ya jiƙe sharkaf a sanyin Disamba na Jos, yana cikin bargo, fatarsa kuma sanyi ƙalau, wannan ba zafi ba ne. Daga nan sai ƙwaƙwalwa ta fara nuna nata. Dattijo mai kawaici ya hau zagin matarsa, ko ya riƙa maimaita magana ɗaya, ko ya yi tangaɗi kamar mashayi, ko ɓarin jikinsa ɗaya ya saki har a ce shanyewar jiki ce. Mun sha karɓar waɗanda aka yi awa biyu ana yi musu ruƙiyya. Ban hana ruƙiyya ba, amma a fara aunawa. Tsofaffi da waɗanda suka daɗe da ciwon sukan rasa gargaɗin farko gaba ɗaya, haka masu shan wasu magungunan hawan jini irin su propranolol da atenolol, waɗanda ke danne rawar jiki da bugun zuciya, su bar gumi kaɗai.

Tunda wasu za su karanta wannan, bari in taɓo masu allurar insulin, domin akwai kuskure ɗaya da nake gani yana maimaituwa. Insulin yana zuwa da ƙarfi iri biyu, U-40 da U-100, kuma kowanne da sirinjinsa. Wanda ya zuƙi insulin U-100 da sirinjin U-40, in ya ja zuwa layin 20, ba 20 ya yi wa kansa ba, 50 ya yi, ninki biyu da rabi. Yawanci sirinjin U-40 jan murfi gare shi, na U-100 kuma ruwan lemo, amma rubutun da ke jiki shi ne abin dubawa, a gwama shi da na kwalbar duk lokacin da aka sayo sabo. Haka ma suga ke faɗuwa ga wanda ya yi allurar insulin ta Mixtard da safe ya ce sai ya isa shago a Taminus zai karya, ya tarar da cunkoso a hanya.

Ba masu ciwon suga kaɗai abin ke kamawa ba. Zazzaɓin cizon sauro mai tsanani yana sauke suga, musamman ga yara da masu juna biyu, kuma allurar kwinin tana ƙara sauke shi, wannan na cikin dalilan da suka sa aka koma atesunet. Mashayin da ya kwana bai ci ba, giya tana hana hantarsa ƙera sabon suga, a ɗauka maye ne a bar shi kwance har gari ya waye. Irinsa mukan haɗa masa da bitamin B1 a jijiya. Sai magungunan da ba a san abin da ke cikinsu ba. A Singafo a 2008, mutum wajen 150 da ba su da ciwon suga aka kwantar saboda sugansu ya faɗi warwas, bayan sun sha maganin ƙarfin maza na bayan fage da aka cakuɗa da wannan glibenclamide ɗin, wasu suka rasu. Shi ya sa na ce ki zo da na gargajiyar ma, kuma kada ki ji kunyar nuna shi.

In azumi ya zo, a je wurin likita tun a Sha'aban a gyara yawan magani da lokacinsa. Soka yatsa don awo ba ya karya azumi. In na'ura ta nuna ƙasa da 70 a sha ruwa nan take, ko saura minti goma a kira magariba. Mara lafiya Allah ya yi masa rangwame a cikin Baƙara, kuma wanda ya suma sau biyu a wuni ɗaya kamar Baba yana cikin waɗanda mukan ce su haƙura da azumin bana.

Tun yana gadon, ki roƙi likita ya rubuta muku a takarda abin da za a yi da kowane magani a ranar da Baba ya kasa cin abinci, wanne za a dakatar, wanne za a ci gaba. Ki tambayi sakamakon ƙoda. Ki sa masa ƙwayar suga huɗu a ƙulle a aljihun kowace riga da yake zuwa masallaci da ita, da 'yar takarda mai cewa yana da ciwon suga da lambar wayarki, ki kuma gaya wa wanda suka saba tsayawa sahu ɗaya. Sannan ki faɗa wa likitan cewa an ɗura masa Fanta ya ƙware, kada ki ɓoye don gudun faɗa. In ya fara tari, ko numfashinsa ya yi sauri, ko zazzaɓin ya dawo cikin kwana biyun nan, a saurari ƙirjinsa, in ya kama a yi hoto.